Yarinyar da aka kawo mini yaye

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Kiyawa tun muna cikin jihar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Aure ne ya kawo ni ƙasar Garun Malam, cikin garuruwan da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, inda rani ba ya hana noma. Maigidana manomin rani ne, yana yin tumatir da albasa da karas, wata shekara ya haɗa da kankana. In kaya sun nuna a kai Kwanar Gafan, daga can manyan motoci su yi Kudu da su. Na haifi biyar, Allah Ya bar mini huɗu, kuma kowannensu sai da ya kusa shekara biyu yana shan nono kafin na yaye shi. Wadda ta sa na san darajar abin da ake zuba wa ƙaramin yaro a kwano ba ni na haife ta ba. 'Yar ƙanwata ce, mai sunan mahaifiyarmu, shi ya sa muke ce mata Ummi.

Ummi tana da wata 14 uwarta ta yi kwanika. A gidan da take aure, kamar gidaje da yawa a wajenmu, an yarda cewa nonon mai ciki yana cutar da yaro, don haka rana ɗaya aka cire ta. Da mahaifiyarmu tana raye can za a kai ta. Tunda ta riga mu gidan gaskiya, ni ce babba, ni aka kawo wa ita da 'yan kayanta a ƙullin zane. Farkon bazara ne, zafi ya fara tsananta.

Kowa ya san kukan yaye, amma na Ummi ya wuce wanda na sani. Tuwo ba ta karɓa, shinkafa ta tofar, koko kaɗai take ɗan kurɓa, shi ma sai an tsinka shi sosai. Sai gudawa ta biyo baya. Yarinyar da aka kawo tana dafa bango tana takawa ta koma zama, daga zama sai kwanciya. Gashinta ya yi laushi ya fara ja, damtsenta ya saki, kukan ma ya daina fita da ƙarfi. Surukata, da muke kira Iya, ta ce haƙora ne da kewar uwa, a jiƙa mata sassaƙe. Ni kuwa abin da ke hana ni barci shi ne amana ce a hannuna, uwarta na can da ciki, ba ta san halin da ake ciki ba. Na roƙi maigida ya bar ni in kai ta asibitin sha-ka-tafi ranar awon yara, ya ce in je.

Malamar da ta duba ta ba ta fara da allura ba. Ta ɗauko wani ɗan siririn ma'auni mai launi uku ta naɗa a damtsen hagu na yarinyar, tana yi tana mini bayani. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, wadda ake ba da haɗin gyaɗar nan na cikin leda, wani lokaci ma sai an kwantar da yaro. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa ne, yaro ya kama hanya amma bai kai can ba. Kore shi ne lafiya. Na Ummi a ruwan ɗorawa ya tsaya. Ta danna bayan ƙafafunta da yatsa don ta ga ko akwai kumburi, babu. Ta matsa mata jan ƙwanson bitamin A a baki, ta ba da maganin tsutsar ciki, da garin haɗa ruwan gishiri da sukari, da ƙwayar zinki da ake sha kwana 10 zuwa 14 saboda gudawa. Sannan ta gyara zama.

"Maman yara, me take ci tun daga safe har dare?"

Na ce koko.

"Me maigidanki yake nomawa?"

Na lissafa mata. Ta tambayi ko akwai bishiya a gidan, na ce akwai mangwaro a bayan gida da zogale a jikin danga, akwai kaji kuma.

Ta ce, "Ikon Allah. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Maganin yarinyar nan yana gidanku."

Ta kuma faɗa mini cewa mace mai ciki in tana da lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, nonon ba ya zama guba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2, daidai da abin da addininmu ya ambata. Amma Ummi an riga an cire ta, don haka duk abin da nono yake ba ta sai an nemo shi a tukunya.

Na daɗe ina juya maganar malamar nan. A ƙauye 'ya'yan itace na mai ƙafa ne. Yaron da ya kai shekara biyar ba ya jiran kowa: ya jefi mangwaro, ya hau gwaiba, ya bi 'yan'uwansa daji su dawo aljihu cike da magarya da kanya da aduwa, baki baƙi ƙirin da ɗinya. Manya kuma kayan marmari suka ɗauke su, sai azumi ko an je duba mara lafiya. Na goye a baya, wanda bai iya hawa ba, bai iya tauna ba, bai iya roƙo ba, shi ne ba ya samun komai, alhali jikinsa ya fi na kowa a gidan saurin ginuwa. Kankana tana fita daga gonakin garinmu mota-mota, amma da wuya ka ga an yanka ɗaya da sunan ɗan goye.

Sai na tuna kakarmu a Kiyawa. Haƙoranta sun zube tun ina ƙarama, don haka komai sai ta tausasa shi. Takan daka busasshiyar magarya sama-sama yadda ƙwallon ba zai fashe ba, ta tankaɗe ta sami gari mai zaƙi. Takan jiƙa kwalba, wato 'ya'yan kuka, ta tace ta zuba a nono. Garin ɗorawa ta dama shi. Dabinon da ake sayo mata a kasuwar Shuwarin ta jiƙa, ta cire ƙwallo, ta kirɓa. Duk jikan da aka kai mata yaye tare suke ci a ƙwarya ɗaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya rame a hannunta ba. Abin da malama ta faɗa da abin da na gani wurin kaka, su na haɗa na kama aiki.

Da mangwaro na fara tunda lokacinsa ne. Ban ɗauki na ƙasa ba, wanda ya faɗo ya fashe ƙudaje suka bi. Na sa yarona ya tsinko nunanne daga sama. Na wanke hannuna da sabulu, na wanke mangwaron, na fere, na kankare naman da cokali. Namu mai zare ne, sai na murza shi a rariya zaren ya tsaya a sama. Na zuba kindirmo kaɗan, na wurin 'yar Fulanin da na san tana dafa madarar kafin ta kwantar, na juya. Ban sa sukari ba. Da na kai mata cokali ta kau da kai. Na shafa mata a leɓe na ƙyale ta. Ta lasa, ta yi shiru, sai ta buɗe baki da kanta. Ranar ban iya riƙe hawaye ba, don tun da aka kawo ta ban ga ta nemi wani abu ba.

Iya ta leƙo ta gani, ranta bai so ba.

"Ke 'yar nan, zaƙi za ki ɗura wa 'yar mutane tana gudawa? Basir za ki sa mata, ga zazzaɓin mangwaro."

Na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri, daga asibiti aka ce a gwada. In kin ga ta ƙara lalacewa ni da kaina zan bari."

Ban ga laifinta ba, abin da ta tashi ta tarar ke nan, kuma tsoronta yana da tushe. Yara suna gudawa lokacin mangwaro, amma daga na ƙasa ne da ba a wanke ba da hannu mai datti. Zazzaɓin kuwa sauro ne ke kawo shi, sai dai ƙarshen mangwaro yana haɗuwa da faɗuwar damina, lokacin da sauro ke yawaita, shi ya sa aka ɗora wa mangwaro. Zaƙin da ya fi damuna shi ne wanda ba a tsoro: biskit da alewa da lemon leda mai kala da baƙi ke miƙa wa yaro don nuna ƙauna. Su ne ke toshe ɗan cikinsa ya ƙi abinci, su ɓata haƙoran da suka fara fitowa, ba su bar masa komai a jiki ba. Malama ta ce kada a saba wa yaron da bai kai shekara 2 ba da sukari. Zuma kuwa ko ɗigo kada a ba wanda bai cika shekara 1 ba, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba ya iya maganinta.

Mangwaro ya buɗe mata baki, amma shi kaɗai ba ya gina jiki. Cikin yaro kamar Ummi bai fi ya ɗauki kofin shayi ɗaya a zama guda ba. In an cika shi da tsinkakken koko, ruwa aka sha. Na koma dama mata da kauri yadda in na karkata cokali ba zai zube nan take ba, na sa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin soyayyen waken suya. Maimakon sukari in murƙushe rabin ayaba a ciki, ko in yi irin na kaka, dabino ɗaya ko biyu jiƙaƙƙe tatacce. Gyaɗar kuma sai na zauna na tsince ta, duk wadda ta yi fumfuna ko ta ƙanƙance ko take ɗaci in zubar, don gubarta tana taɓa hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Na saya mata ɗan kwanonta ita kaɗai. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma ni a wurina ya kai rabin aikin. A kwanon tarayya babba ne ke cin riba, kafin ƙarami ya kai loma ɗaya baki an sauke miya. Da ta samu nata, ina ganin abin da ta ci da abin da ta bari. Ban yi mata ɗura ba ko sau ɗaya, irin ta kwantar da yaro a cinya a toshe hanci a zuba kunu da tafin hannu. Kunu yana iya bin hanyar numfashi, kuma yaron da aka saba yi wa haka da ya ga kwano sai kuka. Ina zaunar da ita a gabana, muna hira, in ta ƙi in jira in sake kawowa.

Daga nan na shiga yi mata ɗan abin ci kusa da tuwo, wanda ba ya ɗaukar lokaci ko kuɗi. Karas ɗin da ya karye wajen tono, wanda 'yan kasuwa ba sa so, maigida ya riƙa kawo mini. In kankare, in dafa har cokali ya iya latse shi, in ɗiga man gyaɗa. Man nan dole ne, don bitamin A da ke cikin karas da kabewa da mangwaro da gwanda sai da maiƙo jiki yake ɗaukarsa da kyau, shi ne kuma ke kare yaro daga dundumi, ya ba shi ƙarfin jure ciwo. Zogale in tsinke ganyen tas daga tsinken, in dafa ya yi laushi, in ɗan daka, in sa tankaɗaɗɗen garin ƙuli, ba yaji. Kwaɗo ne dai, amma na masu haƙori shida. Wake in surfe ɓawon, in dafa ya narke, in dame da manja. Busasshen kifi in cire ƙaya, in daka, in tankaɗe, in ajiye a kwalba ina barbaɗawa a miyarta.

Ƙwai ne ya so ya zama rigima, don har yanzu akwai masu cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi da ɗauke-ɗauke. Ban ja da kowa ba, maigida na faɗa wa cikin dare. Washegari ya gaida Iya ya ce mata wannan magana ba ta da asali a addini, marainiyar nono ce, a bar ta ta ci. Ina dafa shi sosai har ƙwanduwar ta daskare, in marmashe da ɗan mai. A yini tana cin abinci sau uku ko huɗu, tsakani kuma abin taɓawa na 'ya'yan itace. In ta ci wake ko zogale sai in bi ta da mai ɗan tsami, don yana taimakon jiki ya zuƙi sinadarin da ke ƙara jini. Shayi akasin haka yake yi, shi ya sa na hana a kurɓa mata.

Damina ta fi wuya. Mangwaro ya ƙare, rumbu ya yi ƙasa, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi taki. Ganye ne ya rufa mana asiri, rama da alayyafo da tafasa da zogale. Ranar kasuwa in ba da sautun ayaba, in ce a nemo wadda ɓawonta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, ta fi araha, ta fi zaƙi, ta fi sauƙin murƙushewa. Da gwaiba ta fito ina raba ta biyu in kwashe 'ya'yan, don suna da tauri, in murza naman a rariya. Kwalba ita ce ba ta yi mini butulci ba, ana samunta a kasuwa kusan kowane lokaci kuma ba ta lalacewa. In jiƙa ta da tafasasshen ruwan da ya huce, in tace 'ya'yan da zaren, in haɗa da ayaba don ta kashe tsamin. In a kunu zan zuba sai ya sha iska, saboda zafi yana rage amfaninta. Masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓi na yara suna zuwa duk wata a damina, ban bari ta tsallake ba, kuma a gidan sauro muke kwana.

Lokacin kaka ya zo da kabewa da sabuwar gyaɗa da dankali. Na fi neman dankali mai jan ciki in an samu. Kabewa in turara ta a madambaci in dame da kindirmo, ta zama abin zaƙi ba tare da sukari ba, har manyan yaran suna rububi. Hunturu kuma ga lemo daga Binuwai, ga kankanar gonarmu. Lemo ina cire 'ya'yan da farin fatar in ba ta tsokar. Kankana ina zama in tsince 'ya'yan ɗaya-ɗaya in yanka ƙanana. Ban yarda da yankakkiya ta bakin titi ba. Duk abin da na haɗa a take ake cinyewa, ragowa ba ta kaiwa yamma a zafin nan namu.

Abin da na fi tsananta wa yarana a kai shi ne miƙa mata abin da ke aljihunsu. Magarya, kurna, aya, gyaɗa guda, dabino da ƙwallonsa, guntun ɗanyen karas, kowanne yana iya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro, kuma kafin a samu babur a kai asibiti mai afkuwa ta afku. Na ce duk wanda ya samo wani abu yana son Ummi ta ci, ya kawo mini ni in gyara.

Ina mayar da ita awo duk lokacin da aka ce. Kafin a gama girbin gero ma'aunin ya shiga kore. Gashinta ya yi baƙi, ta miƙe, tana bin kaji tana kirana Inna. Iya ba ta taɓa cewa ta yarda ba, ba halin manya ba ne, amma ta fara ware ƙwan kazarta tana aiko mini da shi. Ina so mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan: Ummi a ruwan ɗorawa aka same ta. Yaron da ya shiga ja, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya daina karɓar komai, mangwaro da kabewa ba za su fisshe shi ba, asibiti za a kai shi a ranar.

Ƙanwata ta zo bayan ta yi arba'in, da jariri namiji a baya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yarinyar da ke wasa a tsakar gida.

"Yaya, wannan Ummi ce?"

Ummi ta gudo ta ɓuya a bayan zanena. Ƙanwata ta zauna a ƙasa ta yi kuka, na farin ciki da na ganin 'yarta ba ta gane ta ba. Da ta natsu na ba ta labarin duka, har da abin da na ɓoye mata lokacin tana da ciki. Na ce wannan jaririn kada ta ba shi komai sai nono har wata shida, ko ruwa, kuma ko Allah Ya kawo wani cikin kada ta bari a cire shi rana ɗaya. Ta ce, "Yaya, kin san ba ni ke da magana a gidan ba." Na sani. Shi ya sa na roƙi maigida ya je da kansa ya zauna da mijinta, su yi ta maza, ya kuwa je. Yaron ya sha nono har ya yi wayo. Ummi kuma suka bar mini ita, tana hannuna har yau, ta shiga firamare.

Daminar da na sha wuya ta sa na yi shiri. Yanzu in mangwaro ya yi yawa har yana ruɓewa a ƙasa, ina yanka nunanne sirara in shanya a faifai bisa rufin ɗaki, in lulluɓe da tsohon gidan sauro saboda ƙuda. In ya bushe ƙayau in ɗaure a leda, ranar buƙata in jiƙa in dame. Zogale kuwa a inuwa nake shanya shi. Na kuma shuka gwanda, don ita ba ta da lokaci ɗaya kamar mangwaro, kuma cokali kawai take buƙata, ko wuta ba a hurawa. Kusa da makwarara na sa ta, amma a ɗan tudu, don ba ta son ruwa ya kwanta mata a gindi. Na kewaye da ƙaya saboda awaki. Ana zuba iri uku ko huɗu a rami, don sai ta yi fure ake gane namiji, wanda furensa ke reto a dogon tsinke ba ya 'ya'ya. Namiji ɗaya na bari saboda sauran, kuma cikin shekara guda muka fara tsinka. Matan unguwa da aka kawo wa yaye sukan shigo su tambayi yadda na yi da Ummi. Ina fara tura su awo, in sun dawo mu zauna a yi haɗin a gabansu, mai wurin shuka kuma in cire mata dashe daga waɗanda suka tsiro a gindin uwar.